Mun Je Duba wa Baba Babur Mai Ƙafa Huɗu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Asabar ɗin da ta wuce, tun masu shagunan unguwarmu ta Hindawiyya, a nan Makka, ba su ɗaga ƙofofinsu ba. Waɗanda suka ga hotona a kan babur mai ƙafa huɗu, fuska da gira duk yashi, suka yi ta tambaya ko na bar gyaran mota na koma tsere a sahara, to ku kwantar da hankalinku. Rakiya na yi, ga kuma yadda aka yi.

Mu uku ne. Ni, da surukina mahaifin matata wanda nake kira Baba, sai wani abokina Bazazzagi mai a-kori-kura, irin wadda a nan ake ce wa wanet. Baba ya haura saba'in. Yana goye aka shigo da shi ƙasar nan ta hanyar Sudan, kuma tun yana saurayi yake kiwon tumakin wani gidan Larabawa a wani kwari da ke kudu da Makka. Ranar Alhamis yake shigowa gari wurin babban ɗansa a Utaibiyya, ya yi Juma'a, ya koma. Shekara biyu ke nan gwiwoyinsa suna ƙi masa, tumaki kuwa ba ruwansu da gwiwar kowa, inda ciyawa take can suke nufa. 'Ya'yan maigidansa mutanen kirki ne, ba su ce ya tafi ba, amma sun fara tambayarsa ko ba ya son ya huta. Nasa 'ya'yan ma maganar ke nan kullum. Shi kuwa babu abin da yake tsoro a duniya irin a zaunar da shi a ɗaki a hawa na uku yana kallon bango.

Ana cikin haka ya ga samarin ƙauye suna kora raƙuma a kan babur mai ƙafa huɗu, wanda Larabawa ke kira dabbab. Ya ce ai ga ƙafa nan ta samu. Ya yi ta cigiya har ya ji labarin wani mutum a hanyar Lith, can wajen Shu'aiba, zai sayar da nasa na hannu. Da yake ni bakanike ne, kuma da babura na fara tun ina Kano, sai aka ce ni zan je in duba.

Ina sa takalmi matata ta tare ni a bakin ƙofa. Haihuwar Makka ce, in ranta ya ɓaci rabin Hausarta guduwa take yi.

"Ko me ka gani, ka ce masa injin ya mutu, halas, shi ke nan."

"In kuma lafiyarsa ƙalau fa?"

"To ka gaya masa gaskiya, ya tsufa. Wallahi in ya faɗi a daji shi kaɗai ba zan yafe wa kowa ba."

Na ce to. Me zan ce? Amma duk wanda ya san mu ya san abin da ta ɗora mini. Shekara tara da aurenmu ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba, in zan gaishe shi tun daga nesa nake durƙusawa. Shi ma in zai yi mini magana sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, "A gaya wa mutumin nan." Wai wannan mutum zan kalla in ce masa ya tsufa.

Wannan makon bai koma garke ba saboda tafiyar, muka tarar da shi a bakin lungunsu a Utaibiyya, ya riga ya sauko yana jiranmu, ga sandarsa, ga 'yar jakarsa, ya naɗe kai da jan ƙyalle. Motar Bazazzagi kujera ɗaya ce doguwa a gaba. Na zaga zan hau baya, ya ce ba a Kano muke ba da ake loda mutane kamar buhunan albasa, 'yan sanda tara za su ci shi. Haka na shiga tsakiya, giya tsakanin gwiwoyina, Baba a damata. Na takure har haƙarƙarina ya yi ciwo don kada kafaɗata ta taɓa tasa. Shi kuwa ɗan banzan duk sanda zai canja giya sai ya ƙwala mini a gwiwa da gangan, ya ce, "Sannu, ango."

A unguwar Kudai muka tsaya karin kumallo. Manyan motocin masu Umara sun yi layi, wasu baƙi sanye da harami suna ta rawar ɗari, don da asuba a wannan lokaci Makka ma tana taɓa sanyi. Ta bayanmu ana hango dogon ginin agogo da ƙarafan gine-gine ko'ina a kewayen Harami. Muka sayi ful, wato dafaffen wake, mai man zaitun da gurasar tamis mai zafi, riyal ɗaya ɗaya, da shayi mai madara. Tamis ɗin nan ita kaɗai ce na sani a garin nan da ta ƙi ƙara kuɗi tun zuwana, sai dai ta ɗan ƙanƙance. Su biyu suka zauna a kan benci, ni kuwa na ɗauki nawa na zaga bayan mota na tsugunna. Mai gurasar ya leƙo ya tambaye ni ko faɗa muka yi.

Muna fita iyakar Harami muka iske shingen bincike. Muka miƙa iƙama, katin izinin zama. Jami'in ya gaida Baba da girmamawa, Baba ya amsa masa da Larabcin mutanen daji, irin wanda ni ko rabi ba na ji. Jami'in ya yi dariya ya ce shi rabonsa da jin wannan magana tun rasuwar kakansa, ya ɗaga mana hannu. Gaba kaɗan muka sha mai. Bazazzagi ya cika tanki da kuɗin da bai kai na kaza biyu ba, amma duk da haka sai da ya yi ƙunƙuni, ya ce in rubuta a cikin labarina cewa shi ya biya. To na rubuta.

Hanyar Lith santsi gare ta, sai dai manyan motoci sun yi yawa, kuma direbobinsu kamar an biyo su. Da farko baƙaƙen duwatsu ne hagu da dama, daga baya su ja da baya, ƙasa ta buɗe. An yi ruwa mako biyu da suka wuce, saboda haka wani siririn kore ya lulluɓe kwaruruka, wanda in ba ka saba ba sai ka ce idonka ne. A bakin hanya akwai masu sayar da kankana da gawayi da zuma a kwalabe, kowa na rantsuwa tasa ce ta gaske. Raƙuma suna kiwo ba makiyayi a kusa.

Abin da ya fi ba ni mamaki Baba ne. A gari mutum ne marar magana, sai ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba. Muna barin duwatsun nan sai bakinsa ya buɗe. Ya nuna wani kwari ya ce ruwa ya kai ƙugu a can, a dubi inda ya bar itace a maƙale. Ya nuna wani kore ya ce wannan ba a barin tunkiya ta ci da safe, kumburin ciki yake sa ta. Ya sauke gilashi ya shaƙi iska ya ce an sake yayyafi wajen teku. Bini-bini sai ya ce, "A gaya wa mutumin nan ya dubi can," ni kuma ina manne da shi in ce to, in duba. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa haka ba, kuma maimakon in ji daɗi sai zuciyata ta yi nauyi, don na san saƙon da nake ɗauke da shi.

Shi ya fara lissafa amfanin dabbab ɗin. Ya ce zai ɗauki jarkar ruwa da damin ciyawa. In tunkiya ta haihu a nesa zai ɗora ɗan a baya, uwar ta biyo. Inda yake kaiwa da hantsi zai kai tun rana ba ta fito ba, kuma mai kaɗan yake sha. Duk gaskiya ne. Bazazzagi ya ce abin yana kifewa a gangare, kuma ba a yarda a hau kwalta da shi ba. Baba ya ce shi tumakinsa ba a kwalta suke kiwo ba. Ni kuma a zuci ina nawa lissafin. Na hannu, musamman wanda aka ba da haya, samari sun gama cin ƙaniyarsa. Yashi yana cinye sarƙa, in ya shiga inji kuwa sai dai a yi haƙuri. Kayan gyaransa sai an je Jidda. Na riƙa addu'ar Allah ya sa mu tarar da ruɓaɓɓe, in huta.

Wajen ƙarfe takwas da rabi muka sauka daga kwalta muka bi wata burji har gindin wasu tuddan yashi. Ga baburan haya jere a ƙarƙashin rumfar kwano, manya da ƙanana, kowanne da 'yar tuta a doguwar sanda. An ce da yammacin Alhamis da Juma'a wurin ba masaka tsinke, iyalai daga Makka da Jidda, amma ranar babu kowa sai mai wurin. Siririn Balarabe ne mai jan gemu, zai yi shekara hamsin da wani abu. Ya shigar da mu tanti, ya kawo gahawa da dabino. A wurinsu ba a tayar da maganar ciniki sai an sha, kuma in ba ka girgiza ɗan kofin ba zuba maka za a yi ta yi har la'asar. Ni dai kofi na karɓa na kawar da kai, dabinon kuwa a hannuna ya narke. Shi da Baba suka shiga hirar ruwan sama da farashin tumaki har na fara zaton an manta da abin da ya kawo mu.

Can aka jawo shi daga bayan tanti. Ja ne, rana ta ɗan kashe launinsa, kujerar ta yage an ɗaure da roba. Mutumin ya ce wannan ba na haya ba ne, nasa ne da yake bin raƙuma da shi, ya sayi babba ne shi ya sa zai rabu da shi. Na ce a raina kowa ma haka yake cewa.

Abu na farko da nake yi in zan duba na hannu shi ne in ɗora tafi a kan inji. In da ɗumi, mai shi ya tashe shi kafin ka zo, akwai abin da yake ɓoyewa. Na taɓa na ji sanyi ƙalau. Na zaro ma'aunin baƙin mai na murza a yatsa, babu yashi. Na buɗe matatar iska, a wanke take. Na kwanta a ƙasa na bi ƙarfen jikinsa kaf ina neman walda, ban samu ba. Na tashe shi na tsaya bayan salansa ina jiran hayaƙi, ko ɗis. Na girgiza tayoyi, na matsa birki, na sa ribas. Wallahi neman laifi nake yi kamar an biya ni. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Tayoyin baya sun ci rabi, sarƙa za ta nemi canji nan da 'yan watanni, batir ya yi sanyi, kuma in ya ƙi sai an ja igiya, igiyar kuwa da tauri. Babban abin shi ne tayoyin baya kaɗai ke ja, ba duka huɗun ba. Kuɗin da ya faɗa, riyal dubu biyar da ɗari biyar, bai yi tsada ba.

Na tashi ina karkaɗe riga. Baba ya dubi Bazazzagi ya ce, "A tambayi mutumin nan, yaya ya gani?"

Bazazzagi ya san saƙon matata, don na gaya masa a mota tun kafin mu ɗauki Baba. Ya taka mini ƙafa a hankali. Na dubi ƙasa. Shekara ashirin ina wannan aiki ban taɓa kiran lafiyayyen inji matacce ba, kuma na ga ba a kan Baba zan fara ba.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Sai 'yan ƙananan gyare-gyare."

Ɗaya rabin saƙon kuwa, na cewa ya tsufa, ko maƙogwarona bai iso ba.

Mai wurin ya ce mu gwada son ranmu. Dabbab ba a murɗa masa totur irin na babur, wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsa. Na nuna wa Bazazzagi, shi kuma ya nuna wa Baba, alhali Baban yana tsaye yana kallona. Muka taimaka masa ya hau. Barinsa shi kaɗai ba zai yiwu ba, Bazazzagi kuma ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana, saboda haka ni na hau baya, na matsa can ƙarshen kujera na ƙanƙame ƙarfen ɗaukar kaya. Dannawar farko muka yi tsalle kamar ɗan akuya. Ta biyu muka tafi sumul. Kafin mu zaga filin sau biyu Baba ya gane kansa, sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a shekara tara. Dariya yake yi, har da tari.

Akwai hanyar da masu haya ke bi, tayoyi sun daddale ta. Baba ya bi ta kaɗan, sai ya karkata kai ya fita. Ya faɗa wa iska, ba ni ba, cewa tumaki ba sa bin hanya. Gaskiyarsa, gwajin ke nan. Muka ratsa wani fili mai tsakuwa, abin yana tafiya kamar an yi shi don wurin. Muka bi tsakanin ƙayoyi, muka tsallake wani busasshen rafi, muka haye wani ɗan tudu. Ƙyallen kansa yana kaɗawa yana dukan fuskata, ban ko kauce ba. A lokacin har na fara cewa wataƙila mu ne ba mu da gaskiya, wataƙila a bar dattijon nan ya sayi abinsa.

Sai ya hango kore a bayan wani dogon tudun yashi, ya nufi can. Mun hau lafiya, mun gangara lafiya. Amma bayan tudu, inda iska ke zubar da yashi, laushinsa daban ne. A ƙasan kwarin, da za mu hau na gaba, babur ya ɗan karkata, Baba ya tsorata ya saki totur. Nan take muka tsaya. Ya sake dannawa, tayoyin baya suka yi ta haƙa suna watso mana yashi. Ya ƙara dannawa, suka ƙara nutsewa, har cikin baburin ya kwanta a ƙasa. Na miƙa hannu ta gefensa na kashe.

Na ɗaga kai na duba. Ba a ganin tanti, ba a ganin hanya, na duba waya babu sabis. Rana ta fara zafi, ga mu ba ko kwalbar ruwa, kuma sandar Baba tana can cikin mota.

Ya sauko da kansa, ya zagayo baya ya kama ƙarfe, ni ma na kama, don sai an ɗaga gindin an jefar da shi gefe. Muka yunƙura tare. Gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, ya zauna daɓas a yashi. Ya sake yunƙurin tashi, ta ƙi. Na yi kamar ban gani ba, na durƙusa na shiga tonon yashi da hannu. Na kakkaryo ƙirare na cusa ƙarƙashin tayoyi, na ɗaga gindin sau uku har na ji bayana ya amsa. Da na zo tashinsa batir ya yi ƙus, sai da na ja igiya sau shida, kafaɗata kamar za ta cire. Ni da nake da shekara arba'in, kuma ɗaga ƙarfe sana'ata ce, sai da na kusa rabin awa, na jiƙe sharkaf.

Da mutum biyu ba zai fita ba, kuma in na tsaya a laushi zai sake nutsewa. Saboda haka na hau ni kaɗai, na danna har sai da na kai kan tudu inda ƙasa ke da ƙarfi. Na waiwaya. Baba yana can ƙasa ya samu ya miƙe, yana ƙoƙarin hawowa. Duk takun da ya yi sai yashi ya dawo da shi. Ya dafa da hannu biyu, ya ɗan rarrafa, ya tsaya. Na juya baya ina taɓa-taɓen inji, in ba shi lokaci, ko Allah zai sa ya hawo ban gani ba. Da na sake dubawa yana nan inda yake, a zaune.

Na gangara. Na isa inda yake. Sai kawai na tsugunna a gabansa na juya masa baya. Mun daɗe a haka. Ina jin numfashinsa. Can na ji hannuwansa a kafaɗata.

Ashe Baba ba shi da nauyi. Mutumin da nake ganin kwarjininsa ya cika ɗaki, na ɗaga shi kamar yaro, ƙasusuwan ƙirjinsa suna taɓa bayana. Wannan ya fi komai tsorata ni, har hawaye suka zo mini, na bar su suka bi gumi. Mun kai rabin tudu na tsaya in huta, sai na ji muryarsa dab da kunnena.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Da ni kaɗai ne, nan za a zo a same ni."

Na gyara masa zama a bayana. Ya sake magana.

"Ita ta aiko ka ka ce mini ya lalace, ko?"

Na ci gaba da tafiya.

"Na san 'yata. Allah ya yi maka albarka da ba ka faɗa ba. Da ka faɗa, da na je na sayi wani ba ka sani ba."

Na ce amin. Ni na tuƙo mu muka dawo, a hankali, ta kan tsakuwa.

Bazazzagi na ganinmu ya zaro waya ya ɗauki hoton nan da kuka gani, yana cewa Bakano ya sha ƙasa. Da ya dubi fuskar Baba sai ya mayar da wayar aljihu ya je ya kawo ruwa. Baba ya sha, ya wanke fuska, ya gaya wa mai wurin da Larabci cewa babur ɗinsa na kirki ne, Allah ya kawo mai rabo, amma shi ba zai saya ba. Mutumin bai tambayi dalili ba. Ya dubi gwiwoyin Baba da yashi ya manne musu, ya ce ko 'ya'yansa ba ya barin ɗaya ya shiga bayan tudun nan shi kaɗai. Na ciro kuɗin mai ya ƙi karɓa. Ya miƙe zai rantse sai mun tsaya ya yanka mana ɗan akuya, Baba ya riga shi rantsuwa cewa ba za a yanka ba. A wurinsu wanda ya riga rantsuwa shi ya ci, saboda haka akuya ta tsira, muka yi sallama.

Mun yi azahar a wani ɗan masallaci na gidan mai, Baba a zaune ya yi tasa. Kusa da wurin akwai masu mandi, shinkafa da naman rago da aka gasa a rami, nama yana zamewa daga ƙashi tun ba ka ja ba. Tire ɗaya ya ishi mutum uku har a rage. Ni na ɗebi nawa na koma gefe, daga baya Bazazzagi ya ce Baba loma huɗu ya yi ya janye hannu.

Muka kama hanyar dawowa. Mun kusa duwatsu Baba ya ce a ratse dama, yana son ya leƙa garke. Muka bi burji kamar minti ashirin har wani kwari mai itatuwan ƙaya, ga shingen waya, ga tankin ruwa, ga wata 'yar bukka ta katako da kwano. Nan Baba ya yi fiye da rabin rayuwarsa, kuma ni sai ranar na taɓa ganin wurin. Abokin aikinsa, wani Basudane mai kamar shekaruna, ya fito ya tarye mu. Baba ya yi wani kira daga maƙogwaro, tumakin nan kaf suka ɗago kai suka taho. Ya zauna a kan jarka a tsakiyarsu ya kira Basudanen kusa. Ya riƙa nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ta son ɗanta, sai an riƙe ta ya sha. Waccan in ta ware kanta ba ciwo ba ne, halinta ne. Wancan rago kada a sayar da shi ko nawa aka taya. Basudanen yana ta gyaɗa kai, can ya gane abin da ake yi, ya ɗora hannu a ka. Baba ya ce masa ƙarshen wata zai sallami maigida.

Mun shigo Makka rana ta yi ja, muka faɗa cunkoson Kudai, muka lallaɓa har Utaibiyya. Benen nan hawa uku Baba ya hau shi da ƙafarsa, yana hutawa a kowane hawa, ni ina biye da jakarsa, na bar matakala biyu tsakaninmu.

Ina shiga gida matata ta taso.

"Ka gaya masa?"

"Ban gaya masa ba. Shi ya faɗa da kansa. Ƙarshen wata zai dawo gari."

Na zaci za ta yi murna, abin da ta shekara biyu tana nema ke nan. Sai ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka. Ban ba ta labarin tudun ba, kuma ban san yadda zan yi ba in ta karanta wannan.

Ga masu tambayata shawara kan dabbab na hannu, ku taɓa inji tun yana sanyi, ku duba matatar iska, ku nemi walda, in da hali ku sayi mai jan ƙafa huɗu. Amma duk wannan aikin bakanike ne, kuma shi ne mai sauƙin. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne duk wanda zai bar hanya ya shiga yashi, wata rana sai ya kafe, to ya fara tambayar kansa ko zai iya fitar da abin shi kaɗai. Na kuma koyi cewa dattijo ba ya bukatar a yi masa ƙarya don a tsare shi. Baba ya fi mu sanin gwiwarsa, so yake kawai ya gwada da kansa kafin ya haƙura, kuma da mun hana shi wannan da mun cuce shi.

Jiya da yamma ƙanin matata ya kira ni. Ya ce Baba ya ce a gaya wa mutumin nan, ranar da za a kwaso kayansa daga garke ba ya son taro, ba ya son 'ya'yansa su zo. In ari motar Bazazzagi in zo ni kaɗai.